Ranar da Na Kulle Waliyyi da Fenti

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwata Hadiza ba, ranar da na nuna wa mutanen unguwarmu Kabara iyakar hankalina.

Gidanmu irin na cikin gari ne, ƙofa ɗaya tal, ta soro. Ƙyauren kuwa na katako ne tun na kakanmu, rana ta gasa shi, ruwa ya dake shi, tsohon fentin duk ya ɓaɓɓare. Da biki ya rage kwana uku na ce wallahi dangin ango ba za su zo su ga wannan abin kunya ba. Na kira Malam Sabo mai fenti, maƙwabcinmu. Ya shafa ƙyauren kamar likita, ya ce, "Sai an kankare tsohon, a goge da samfefa, a fere gefen, sannan a shafa kaɗan-kaɗan. Damina ce, katako yana shan ruwa. Ka bari sai bayan biki."

Na dube shi sheƙeƙe. Mutumin da ko waya mai shafawa ba ya riƙewa shi zai koya min aiki? (Ni fa a lokacin na kalli bidiyo har guda biyu.) Na ce, "Malam, fenti ai ba karatun likita ba ne." Bai yi musu ba, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, ranka ya daɗe," ya tafi.

Na sayo koren fentin mai a kasuwar Jakara, na lafta shi a kan tsohon, ba kankara ba guga. Washegari na ƙara. Ranar auren bayan asuba na sake malala na uku, har gefe da gefe, don ni ba na aikin ha'inci. Ƙyaure ya yi kauri yana ƙyalli, ni kuma ina tsaye ina jiran yabo.

Wajen ƙarfe takwas hadari ya haɗo. Don kada feshi ya shiga soro, na tura ƙyauren. Ya ƙi shiga. Mai hankali da nan zai tsaya, ni kuwa na sa kafaɗa na danna shi da ƙarfin tsiya. Aka yi awa biyu ana tafka ruwa, katako ya sha ya kumbura, fenti ya kama fenti.

Ƙarfe goma da rabi ruwa ya ɗauke, lungu ya cika da manyan riguna, Liman ya zauna. Baffa, ƙanin mahaifinmu marigayi, shi ne waliyyi, dattijo ɗan shekara tamanin. Ya fito daga ɗaki da sandarsa ya ce a buɗe. Na ja, shiru. Muka ja mu huɗu, mariƙin ya fita a hannuna. Na waje suka turo, kawun ango ya sa kafaɗa da farar shaddarsa, sai muka ji salatinsa ta cikin katako. Mata suka cika tsakar gida, Hadiza na kuka a ɗaki, don an ce mata dangin ango sun fara cewa ko dai fasawa aka yi.

Aka kafa tsani. Baffa ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Ni zan haura katangar gidan ubana kamar ɓarawo?" Ni na haura, da babbar riga, na dira a gaban surukai cikin taɓo, tafukana kore shar. Liman ya ce abu mai sauƙi ne, waliyyi ya wakilta wani, shaidu su ji. Sai na ji sanyi a raina. Ni ne babban wa, ga ni a waje, to wa za a ba in ba ni ba? Har na gyara hula.

Liman ya matsa jikin ƙyauren ya ɗaga murya: "Alhaji, ga ɗanka nan. Ka wakilta shi?"

Muryar Baffa ta fito tar: "Wanda ya kasa ƙyaure zan ba amanar yarinya? Sabo yana nan?"

Yana nan kuwa, a gefe, da 'yar jamfarsa. Shi ya ba da auren ƙanwata, ina tsaye ina amsa amin da korayen hannuwa. Goro da alawa ma ta kan katanga aka miƙo su. Da aka shafa fatiha ya aika aka ɗauko masa kurfi da guduma, cikin rabin awa ya saki Baffa, bai ko kalle ni ba.

Abin da na koya shi ne, in mai sana'a ya daina musu ya ce maka "Allah ya ba da sa'a", ba addu'a yake yi ba, ta'aziyya ce.