Hutun Usta Zaglul Tsakanin Tsere da Tsere

"Ni fa ban san wani abu wai shi gajiya ba," in ji Usta Zaglul, yana murza gashin baki a gidan shayin bakin teku. "Ina dai jin mutane suna faɗarsa. Ranar da aka haife ni, ungozoma ta saka ni a baho, kafin ta juya ta ɗauko sabulu na zagaye shi sau uku!"

Abokina, in ba ka san Usta Zaglul ba, to ba ka taɓa yin aski a Anfushi ba. Duk Iskandariyya babu almakashi mai saurin nasa, sai dai bakinsa ya fi almakashin sauri. Ga shi da tumbin da ke riga shi shiga ɗaki, ya gaisa da mutane, kafin shi mai tumbin ya iso.

Dattawan kulob ɗin unguwar suna da layi ɗaya a kwamin iyo, nasu ne kowace safiya tun suna da baƙin gashi. A nan suke iyo kaɗan, su yi gulma da yawa. Sai bana manajan kwamin ya ce ya gaji: in ba su kawo lamba a tseren karɓa-karɓa na gasar dattawa ba, zai ƙwace layin ya ba 'yan makaranta. Mutum huɗu ke wannan tsere, Zaglul ne na ƙarshe. Maimakon ya adana ƙarfinsa, sai gogan naka ya je ya sa sunansa a duk tseren da ke gaban wannan, guda uku a jere, tsakanin kowanne da na gaba bai wuce a sha kofin shayi ba.

Kaftin Suhair, mai horar da su, ta dafe kai da ta ji.

"Usta, don girman Allah, tunda ka riga ka yi, ka saurare ni. In ka fito daga tsere, ka shiga ƙaramin kwami ka yi iyo a hankali jiki ya saki. Ka kurɓi ruwa, ka ci ayaba ɗaya, ka lulluɓa da tawul."

"Ayaba? 'Yata, biri kika mayar da ni? Ki ba Amm Lutfi ayabar, ko ya samu ƙarfin ɗaga tawul."

Amm Lutfi tsohon direban taragu ne, siriri kamar sandar rake, shi aka ajiye ko da wani zai gaza. Ya karɓi ayabar ya ɓare.

"Ni ina da dabaruna," in ji Zaglul, yana bubbuga goshi da yatsa. "Sirri ne. In na faɗa, gobe Turawa su sace."

Aka busa usur na farko. Sauran suka shiga ruwa kamar wuƙa, Zaglul ya shiga kamar an yar da ƙofa daga saman bene. Alƙalan bakin kwami suka yi wankan da ba su shirya ba. Rabin farko ya daki ruwa kamar wanda ya kama ɓarawo, rabi na biyu ruwa ya rama. Ya zo na bakwai cikin takwas. Na takwas ɗin kuwa bai zo gasar ba.

Ya fito yana haki kamar zugazugi. Kaftin Suhair ta nuna masa ƙaramin kwami, ya yi kamar bai gani ba, ya nufi inda matarsa Sitt Nawal take zaune da kwandon abinci.

"Buɗe kular nan, Nawal."

"Baban Ramzi, koshari ne, na bayan gasa ne."

"Mota tana tafiya babu mai? Buɗe!"

Ya zauna ya share kula guda ta haɗin shinkafa da taliya da wake, da soyayyiyar albasarta da yajinta da ruwan tafarnuwarta, ya bi da manyan kofi biyu na ruwan rake. Ya yi gyatsar da ta sa tattabarun rufin suka tashi.

"Kin gani? Sabo fil na dawo. Dabara ta farko ke nan."

Tsere na biyu iyon rigingine ne. Wayyo, abokina, da ka ga abin! Fuska a nutse, ƙafafu a nutse, tumbi kaɗai a sama yana sheƙi, yana tafiya a hankali kamar ƙubbar masallaci da ambaliya ta ɗauko. Koshari ya taru a gefen hagu, sai Usta ya karkata hagu, ya tsallaka igiya ya shiga layin wani likitan haƙori, ya ba shi mari bai sani ba. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya:

"Ku kira tashar jiragen ruwa! Jirgin shinkafa ya ɓata hanya!"

Da ya iso, sauran har sun goge jiki.

"Usta," in ji Kaftin Suhair, "ka bar na ukun nan. Layinmu, Usta. Tsofaffin nan ba su da wani wurin zuwa da safe."

"Da gangan na yi," in ji shi, yana riƙe da cikinsa. "Ina ruɗa abokan gaba ne, su raina ni. Nawal, miƙo kwalbar nan!"

Kwalbar man zafi ce wanda yake haɗawa da kansa a bayan shago, da kafur da barkono da wasu abubuwan da shi ma ya manta sunansu. Ya taɓa shafa wa wani mai ciwon wuya, mutumin bai sake dawowa ba, Zaglul kuwa ya ɗauka warkewa ya yi.

"Ɗan kaɗan ake sawa," in ji Nawal.

"Kaɗan na masu ƙaramin jiki ne."

Ya kamfato cikin hannu ya lafta a kafaɗa, ya lafta a cinya, ya bi hammata, ya bi bayan gwiwa. Ya share gumin fuska da hannun. Sannan, da yake an kira sunansa a lasifika, ya yi sauri ya sa hannu ya gyara zaman wandonsa.

Yana kan dakalin tsalle abin ya fara gaishe shi. Ya ɗaga ƙafar dama, ya ɗaga ta hagu, ya shiga taka wata rawa da ba a taɓa gani a Anfushi ba. Usur na tashi ya faɗa ruwa da murna, yana zaton ruwa zai cece shi. Ashe man nan da ruwa aminai ne.

Jama'a, ba a taɓa ganin gudu irin wannan a kwamin ba! Ruwa ya dare gida biyu. Mutumin da ɗazu aka kira jirgin shinkafa ya wuce kowa yana ihu a ƙarƙashin ruwa, kumfa na tashi. Shi ya fara taɓa bango, da tazara mai yawa. 'Yan kallo suka miƙe tsaye. Sai babban alƙali ya ɗaga hannu ya soke shi, domin tseren iyon kwaɗo ne, abin da Zaglul ya yi kuwa alƙalai uku sun haɗa kai sun kasa samo masa suna.

Shi bai ma tsaya jin hukunci ba. Ya fito da gudu, ido a rufe, hawaye na zuba, ya yar da hular roba, yana kururuwa:

"Wuta! Nawal, wuta! Na ƙone!"

A bakin ƙofa akwai mai sayar da kayan sanyi da manyan robobi biyu cike da ƙanƙara, ɗaya ta lemo, ɗaya ta 'ya'yan itace. Zaglul bai yi sallama ba, ya juya baya ya faɗa cikin ta 'ya'yan itacen. Mangwaro ya yi gabas, inabi ya yi yamma. Ya nutse har wuya, gwiwoyi a ƙirji, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Wannan," in ji shi, haƙora na kaɗawa, "ita ce dabara ta uku. Manyan 'yan wasa duk haka suke yi."

Sai lasifika ta kira tseren karɓa-karɓa.

Ya yunƙura. Shiru. Ya sake yunƙurawa, robar ta tashi tare da shi ta koma ta zauna. Tumbi ya cika ta dam kamar an auna, ga sanyi ya ɗaure jijiyoyin ƙafafunsa. Kaftin Suhair ta ja hannun dama, mai kayan sanyi ya ja na hagu, Nawal ta riƙe robar, man zafi ya sa hannuwansu suna zamewa suna raɗaɗi.

"Ku ɗauke ni da robar ku jefa!" in ji Zaglul. "Wallahi a hakan ma sai na ci!"

Kaftin Suhair ta sake shi ta juya. "Amm Lutfi! Cire rigarka!"

Tsohon ya ninke rigarsa a tsanake, ya shiga ruwa a matsayin na ƙarshe, ya yi tafiyarsa tiƙis-tiƙis kamar taragunsa na da, ba sauri ba tsayawa. Suka zo na uku. Lamba ta samu, layi ya tsira. Tsofaffi suka rungume juna suna kuka, aka ɗaga Amm Lutfi sama. Tun da aka kafa kulob ɗin Zaglul bai taɓa yi masa hidimar da ta kai rashin zuwansa ba.

Shi kuwa yana nan a bakin ƙofa, an tafi neman zarton da za a yanka robar. Don kada masu fita su gane shi, sai ya sunkuyar da kai, ya tura fuska cikin ƙanƙara. Babu abin da ya rage a waje sai sanƙonsa, mulmulalle, jiƙaƙƙe, yana ƙyalli.

Sai ga wata tsohuwa mai raunin gani ta fito da sandarta, zafi ya dame ta. Ta tsaya gaban robar, ta miƙa hannu ta shafa, ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa: ƙwas, ƙwas. Ta kara kunne ta sake ƙwanƙwasawa.

"Ɗana," ta ce wa mai kayan sanyi, "kankanar nan ta yi sanyi, amma ƙararta ba ta yi mini ba. Kamar fanko ce."

Sitt Nawal ta gyara mayafinta, ta ɗauki kwandonta.

"Kunnenki ƙalau, Hajja," in ji ta. "Ni na saye ta ban ƙwanƙwasa ba."