Rasuwar Gwaggo Mai Gadin Kaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Tauƙir Bhatti na gidan kajin Bhatti da ke wajen garin Sahiwal yana sanar da rasuwar 'yar na'urar rediyon da ke gadin zafin ɗakin kajinsu. Ta rasu ranar Litinin da azahar, tana da shekara huɗu a bakin aiki. Girmanta bai wuce kwalin ashana ba. Mutanen gida suna kiranta Gwaggo, don ba ta ganin abu ta yi shiru.

Aikinta ɗaya ne. Idan wuta ta ɗauke, fankoki suka tsaya, zafi ya hau, sai ta bi ta waifai ɗin gidan ta aika saƙo wayar Tauƙir domin ya tayar da janareto. Ba ta taɓa makara ba. Saƙonta a kulle yake tafiya, babu mai karantawa a hanya. Sunan waifai ɗaya ta sani da kalmar sirri ɗaya, kuma ba ta taɓa leƙa na maƙwabta ba, ko da an bar shi a buɗe. Idan ta samu shiga takan ce "tit-tit", ta kunna koriyar fitila.

Ciwon ajalinta ya fara ne da bikin ƙanwarsu. Baƙo ba ya roƙon abu a gidan Bhatti a hana shi, don haka kafin a sauke tukunyar shinkafar biriyani ta biyu, mutum ɗari da wani abu sun karɓi kalmar sirrin. Bayan biki rabin unguwa na kallon wasan kurket da ita. Tauƙir ya canja sunan waifai ɗin, ya canja kalma. Ya saka sabuwar a wayarsa, da ta mahaifiyarsu, da talabijin. Bai tuna da Gwaggo ba.

Kwana tara tana neman sunan da babu shi, duk bayan daƙiƙa talatin, tana cewa "tiiit" da jar fitila. Kukan kaji ya danne muryarta. A rana ta tara wuta ta ɗauke da tsakar rana, Tauƙir yana shan shayi a kasuwa. Kaji ɗari uku da arba'in suka mutu.

Da yayansa Shabbir ya tambayi dalili, Tauƙir ya ce, "Yaya, ai kayan Usta Nazir ne. Jabu ya haɗa mana." Shabbir ya ciro marigayiyar daga bango, ya take ta da takalmi. Daga nan ya wuce kasuwar masu gyara, ya tsaya a ƙofar shagon Usta Nazir Gill, wanda ya haɗa ta, ya kira shi macuci a gaban jama'a. Gidajen kaji uku sun janye aikinsu daga hannun dattijon.

Usta Nazir ya karɓi gawar, ya ciro abin da ya rage a ƙwaƙwalwarta. Ta ƙwanƙwasa ƙofa sau dubu ashirin da biyar da ɗari tara da ashirin. Ya kira Tauƙir shi kaɗai, ya juyo masa da allon kwamfutarsa, ya ce, "Ɗana, wa ya canja mata gida bai gaya mata ba? Sha shayinka, ya huce." Bai faɗa wa kowa ba. Yau kwana shida Tauƙir yana jiran ya faɗa.

Marigayiyar ta bar eriya guda, da caja mai lafiya, da kaji dubu ɗaya da ɗari shida da ba su san an yi rashi ba. Ta bar Usta Nazir, wanda aikinsa ba shi da aibi, kuma wannan sanarwa shaida ce a kan haka.

Za a binne ta ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin kaji. Tauƙir ne zai haƙa ramin. Daga nan za a wuce zaman makoki a ƙofar shagon Usta Nazir, inda Tauƙir zai karanta wannan takarda da bakinsa, da ƙarfi. Shabbir zai dawo daga Lahore da safiyar ranar, kuma a wurin zai fara jin zancen. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da wuri, masu ƙarfi daga cikinsu su zauna tsakanin 'yan'uwan biyu.