Shafi na Shida

Ko sunan unguwarmu na manta, ba zan taɓa mantawa da shafi na shida ba. Har yau in na ga kwamfuta sai in ji kamar in tofa mata yawu.

Lokacin shekarata biyu a zaune a unguwarmu Gardole ba aiki, ni da na yi shekara goma sha tara ina tuƙa babbar mota. Maiɗakina ce ke ciyar da mu da ƙosai, kun san yadda maƙwabta ke kallon irin wannan namijin. Sai wata ƙungiyar agaji ta ce tana neman direba. Amma wai ba za ka kai takardunka da hannu kamar ɗan Adam ba. Sai an ɗauki hotonsu a kwamfuta, an haɗe su sun zama dosiye, wato fayil ɗaya, an aika ta intanet. (Direba fa suke nema, ba minista ba.)

Maigadin ƙungiyar ya tsegunta mini sunan matar da ke ɗaukar ma'aikata, Madam Ashta. Na kai wa wani malami sunan. Ya yi rubutu a farar takarda, ya ce in sa ta a tsakiyar takarduna su kwana uku tare, sannan in cire in binne. Na sa. Cirewar ce shaiɗan ya ɗauke mini daga kai.

Ranar ƙarshe ta aikawa na hau babur zuwa unguwar Mursal, na nufi shagon intanet na Maman Rabi, wata 'yar Nijar da mijinta abokina ne. Babu wuta, janareto na tari, zafi kamar a gasa mutum. Awa biyu ina layi. Da aka zo kaina ta fara sa takardun a na'ura, lasisi, takardar haihuwa, shaidar tsohon aiki. Can ta tsaya.

"Baban Halima, har da wannan?"

Ni kuwa na ba ta baya, ina gardama da wani mai rataye da jaka da ke son shiga gabana. Ko waiwayowa ban yi ba.

"Na ce duka! Ajina huɗu a boko, ni za ki koya wa takarduna?"

"To, kalas, shi ke nan," in ji ta. Ta haɗe, ta aika, ta mayar mini da su cikin leda.

Bayan mako biyu aka kira ni. Na sa shaddata ta Sallah, har ina cewa a raina malamin nan ba dama. Mutum uku ne a ofis: wani Bature, wani mai gilashi, sai Madam Ashta a tsakiya da dosiyena an buga shi a gabanta. Ta tambaye ni hanyar garin Abeshe, na zuba mata ita rami bayan rami. Sai ta lashi yatsa ta buɗe shafi.

"Malam, wannan ta shafi na shida, wace makaranta ce ta ba ka?"

Ta juyo mini da ita. Ga hatimin malam ɓaro-ɓaro, ga sunanta a tsakiya har sau bakwai. Kuma a garin nan da kusan kowa ke jin Larabci, wa zai ɓoye wa mutum rubutun Larabci? Ta karanta da ƙarfi, a hankali: a rufe idon Ashta daga takardun kowa sai nawa, a tausasa zuciyarta ta zama kamar man shanu a rana. Baturen ya ce a fassara masa. Ta fassara! Mai gilashi ya shige ƙarƙashin tebur wai alƙalaminsa ya faɗi, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Asirin ya ci rabi," ta ce. "Naka kaɗai na karanta sau uku. Zuciyar ce ba ta narke ba. Ka gai da malam."

Ban san da wace ƙafa na fita ba. Na wuce wurin Maman Rabi ina huci, ta ce, "Ai na tambaye ka, Baban Halima." Na je wa malam, ko kunya babu ya ce, "Idonta bai tsaya kan takardunka ba?" Na koma gida, maiɗakina ta yi dariya har ƙosai ya ƙone.

Yanzu ƙaramar bas nake ja zuwa unguwar Gassi, ina haɗiyar ƙura da zagin fasinja. Abu ɗaya na koya, kuma da tsada: duk ranar da mace ta ce maka "har da wannan?", rufe bakinka ka waiwaya.