Tabon Kafe da Shaddar Surukina

Ranar da surukina zai zo daga Harobanda, na dubi tsohon tabon kafen da ya zube a tapinmu, wato kafet, na ce yau kwanansa ya ƙare. Mai ɗakina ta ce, "Malam, mu ɗora tabur a kai mana." Na ƙi. Wanda ya shekara talatin yana wanke allo, shi kafe zai gagara?

Na yi bismilla, na tsiyaya ruwan jabel, mai faranta tufafi. Tabon ya tafi, furen tapin ya bi shi. Sai na ɗauko alƙalami da tawada, na mayar da furen a natse.

Nan Baba, surukin nawa, ya zo ya zauna da farar shaddarsa. Da ya miƙe, furen na bayansa.

Har yau in ya zo, sai ya shafa tapin tukuna: "Malam, rubutu ya bushe?"