Haƙoran Taya da Lambatun Gado

Ƙanƙara ta binne shagon tayoyin har bakin taga, kamar yadda take yi wa duk yankin Akita a wannan watan. Fuyumi ta shiga tana kakkaɓe takalma, sai ga kakanta Mataichi tsugune gaban wata tayar tarakta, yana shafa ta kamar mai tayin saniya. Kunya ta rufe ta. Ranar da taraktarsu ta afka lambatun gona ita ce a kai, amma tsohon ya ce shi ne, don babanta ya rantse kuskure ɗaya za ta yi ya mayar da ita aikin ofis a birni. Baban kuwa nan take ya ƙwace makullin taraktar daga hannun tsoho.

"Kaka, ina kwana. Da ƙafa ka zo?"

"Lafiya lau, 'yar birni. Da me zan zo, ni da aka yi wa ritaya a cikin lambatu? Zo ki ga haƙora. Dogaye, wara-wara, su ciji taɓo su tofar. Rabona da irinsu tun kafin a haifi ubanki."

"Naka ai a kofi suke kwana. Wannan ta fadamar shinkafa ce. Hau daskararriyar ƙanƙara da ita ka ga rawa, sai a ce daga gidan giya kake."

"To nuna mini taki."

Ta nuna wata mai faɗi, haƙoranta gajeru a cushe.

"Wannan?" Ya cire hula. "Ranar da ƙanƙara ta narke za ta cika baki da laka, ta koma sumul kamar kan nan nawa."

"Kanka ya fi ta santsi. Ƙuda ma sai ya ɗaura sarƙar hana santsi yake sauka."

"Ba ƙarya." Ya nuna kansa. "Kin ga wanda aka aiko zaɓen taya."

Ita ma ta nuna kanta. "Ga kuma mai ba shi shawara, wadda ta yi wata uku tana kiran garma 'abin bayan nan'. Wallahi gidanmu ya shiga uku."

Da mai shagon da ke tsaye a gefensu ya shige ciki, ta rage murya. "Yau zan gaya wa Baba gaskiya."

"Ki zubar mini da mutunci? Shekara tamanin ban yi suna ba sai yanzu. Zawarawan unguwa gasasshen dankali suke kawo mini don tausayi, ke kuma za ki zo ki ƙwace mini lambatuna."

"Saboda ni aka raba ka da makulli, Kaka."

"Lambatun nan gadonmu ne. Ni da doki na faɗa ciki. Ubanki sau biyu, yana ciki yana kiran uwarsa. Da ba ki faɗa ba, da na ce an musanya mana ke a asibiti."

Ta so ta yi dariya, hawaye ya riga ta. Tsohon ya yi kamar bai gani ba. Ya zura yatsa cikin safa ya zaro wani makulli.

"Ubanki ya zaci guda ɗaya ne. Na ɓoye wannan in riƙa satar fita. To jiya na gai da turken lantarki, har na tambaye shi iyali." Ya danƙa mata a hannu, ya rufe yatsunta a kai. "Idona ya ƙare, Fuyumi. Gonar nan, direba take so, ba mai gaskiya ba."

Ya juya ya kira mai shago, ya ce a ɗaura masu gajerun haƙoran, 'yar birni ta ci.

"Amma ki sani, ranar da kika maƙale a taɓo, kujera zan kawo bakin gona in zauna in yi ta dariya."

Ta share ido, ta sa makullin a aljihu. "Ba komai. Sai in ce kai ne."

Mataichi ya yi dariya har sai da ya tare haƙoransa da hannu.