Ranar da Na Zama Dokin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da igiya ta wurga ni ruwa a Landan ba, a gaban surukan Alhaji.

Lokacin kuɗin mai ne. Alhaji ya sayi gida a Landan, ya taho da ni daga Yawuri in riƙa yi masa girki. Ya ce in na yi hankali in zauna, in na ba shi kunya in koma gida. Ban yi boko ba, amma ɗan masunta ne ni. Ruwa dai na sani.

Ran nan ya ɗauki hayar wani dogon jirgi a rafin da Turawa suka haƙa wajen Camden, surukansa su sha iska. Ana cikin tafiya inji ya mutu. Mai jirgin, wani tsohon Bature, ya ce a da doki ke jan irin waɗannan jiragen ta bakin gaɓa.

Na ce, "Alhaji, wane doki kuma, ina nan?"

Na ɗaura igiya a ƙugu (wautar farko ke nan), na ja. Jirgi ya tafi. Hajiya, matar Alhaji, har da guɗa.

Sai ga gada. Hanyar da nake bi ta hau kan gadar ta tsallaka ɗaya gaɓar, ta yi kwana ta dawo ta bi ta ƙarƙashi. Ashe an gina ta haka ne don doki ya tsallaka ba a kwance masa igiya ba. Ni na ga zagayen banza ne. Na tsallaka na miƙe abina.

Bature yana ta ihu. Alhaji ma: "Kai, kuku! Zagayo!"

Daga nesa ban ji sosai ba, na zaci yabo ne, na ɗaga musu hannu.

Jirgi ya shige ƙarƙashin gada, igiya tana sama. Ta fizge ni da baya, ta ja ni a kan ɗuwawu har bisa gadar, ta wurgo ni cikin ruwa. Na taso da ciyawa a ka. Wandon kuwa (na Sallah ne) har yau ban san inda yake ba.

Surukar Alhaji ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Mijinta ya ce, "Alhaji, dokin nan naka ba a hore shi ba."

Na ɗaure kayana ina jiran a kore ni. Ba a kore ni ba. Duk baƙon da ya zo daga gida sai ya ce a nuna masa Doki, Alhaji kuwa yana son baƙi.

Tun daga ranar, in hanya ta yi kwana, bin ta nake, ba tambaya. Yanzu ina unguwar Plumstead a nan Landan, na tsufa. Jikokina Baba Doki suke ce mini, sun ɗauka sarauta ce.