Kafaɗar Dado da Sabuwar Bindiga

Bara bindigar tsoho Dado ta harba gaba ta harba baya. Barewa ta tsira, kafaɗarsa ta karye, ya yi wata biyu a hannun maɗori. Bana kuma, don taurin kai, ya aiki jikansa Shu'aibu kasuwar Tanut ya karɓo masa sabuwa wurin maƙeri, ya jaddada masa babba. Shu'aibu ya dawo Gangara da wata 'yar siririya a naɗe cikin buhu.

"...Lafiya lau, Kaka. Ya ƙarfin jiki, in da saura?"

"Ya fi naka, ja'iri. Kwance mu gani."

Shu'aibu ya kwance buhun. Dado ya daɗe yana kallo.

"Wannan mene ne? Muciya na aike ka saye?"

"Bindiga ce. Maƙeri ya ce albarushi yatsa biyu take ci, ba ta dukan mai ita."

"Yatsa biyu! Ni da nake ɗura yatsa huɗu tun ubanka na rarrafe? In na harba a nan, kaji a Falanko sai sun daina ƙwai!"

"Shi ya sa bara aka kwaso ka a amalanke, ita barewa ta tsaya tana yi maka sannu."

"Santsi ne ya kwashe ni."

"Santsi a rairayin Damargu? Da rani?"

"Kai, wannan yaro zai kashe ni! So kake in mutu ka gaje matata Asibi."

"Matata ce dama, aro na ba ka. Ita ta ce in na kawo babbar, kada in ƙara cin tuwonta. Ta gaji da ba ka fura a baki."

"Mayar da ita! Ba ni shiga cikin maharba da abin korar tsuntsaye."

Ran Shu'aibu ya ɓaci, don ya san kafaɗar nan ba ta ɗaukar karaya ta biyu. Ya durƙusa ya miƙa kumatu.

"To, mare ni da hannun dama. In ya iso, yanzu na koma Tanut."

Dado ya zabura ya ɗaga hannu. Iyakarsa ƙirji, nan ya tsaya yana rawa. Ya sake gwadawa, ya cije leɓe. Can sai dariya ta ƙwace masa, har da 'yar ƙwalla.

"Allah ya shirye ka. Miƙo muciyar." Ya laluba aljihu da hagu ya jefa masa goro. "Amma in an tambaya, ka ce maƙerin ne ya cuce mu."